Wutar Bakin Kogin Salomatti

Da gari ya waye ranar Litinin, katafilar kamfanin yashi da ke bakin kogin Salomatti ta zama gawayi. Kujerar direba ta narke, gilasai sun tarwatse, baƙin hayaƙi ya kwanta a kan gonakin shinkafa.

Wata uku ke nan mutanen ƙauyen suna zaune a rumfar da suka kafa a kan hanyar tifofi, domin haƙar yashin ta cinye gaɓar kogi, ta haɗiye gonaki goma sha ɗaya, ta ci ran mutum guda. Duk tsawon zaman nan ko tsakuwa ba wanda ya jefa. Makaminsu waya ce. Nurhaeda, ma'aikaciyar jinya a ɗakin shan maganin ƙauyen, ita ta buɗe musu shafi a Fesbuk mai suna Muryar Salomatti. Kullum da yamma takan ɗauki bidiyon inda gaɓar ta sake zaftarewa, ta hau tudun maƙabarta, inda nan ne kaɗai sabis ke da ƙarfin ɗaukar hoto, ta ɗora. Da haka labarinsu ya isa birni, har majalisar lardi ta sa musu ranar Alhamis don jin kokensu.

To a wannan shafin ne, kafin kiran assalatu, hoton wutar ya bayyana, da rubutu a ƙarƙashinsa: Ga amsar Salomatti.

Ƙarfe takwas 'yan sanda suka ɗauke Nurhaeda daga bakin aikinta. Sun gaya wa dagaci, Puang Kaseng, cewa gobe da safe za a wuce da ita birni a kan laifin ƙone dukiya da tunzura jama'a. Wayar ƙungiya kuwa, wadda aka saya da karo-karo ake ɗora komai a shafin da ita, an same ta inda ta saba kwana, tana caji a ƙarƙashin gidan Rosmini mai dafa wa 'yan rumfa abinci. Gida ne mai dogayen ƙafafu kamar kowane gida a ƙauyen, ƙasansa a buɗe, kowa na iya miƙa hannu. Wayar ba ta da makulli, don hannu da yawa ke taɓa ta.

Kafin hantsi ya dubi ludayi, maƙwabci ya fara kallon maƙwabci ta wutsiyar ido. Dagaci ya aika a kira masa Daeng Mattola.

Mattola, wanda ake kira Daeng don girmamawa, ya kusa sittin, kuma shekara talatin yana bin sawun shanun sata har gundumomi uku. Wayarsa ƙarama ce mai madannai, wadda ya ɗaure da roba. Mutumin da kogin ya ci, Sudding, ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, mijin Rosmini. Da dagaci ya faɗi abin da yake so, wato a gano wanda ya sa wutar ya ɗora hoton, Mattola ya ce shi bai san yadda ake bin sawu a cikin waya ba.

"Wanda ya riƙe wayar ai da ƙafa ya je," in ji dagaci.

Mattola ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya fara haɗuwa a bayan duwatsu. In ya sauko da la'asar kamar jiya da shekaranjiya, ƙasa za ta shafe komai.

Kewayen katafilar ya riga ya lalace. 'Yan kallo da 'yan sanda sun tattake shi kamar masussuka. Mattola bai ɓata lokaci a wurin ba. Ya yi nisa, ya fara zagaye yana matsowa, har ya ci karo da abin da yake nema a laka ta ɓangaren ciyawa: sawun takalmin roba mai dogon wuya, dunduniyar hagu da faci mai siffar jinjirin wata.

Matasan da suka biyo shi suka haɗa baki suka ce Baharu. Babu wanda bai san takalmin nan ba. Baharu ne ya rasa rabin gonarsa a kogi, shi ne kuma a kowane taro yake cewa bidiyo ba ya tsayar da tifa.

Mattola ya kore su baya, ya tsuguna. Takun gajere ne. Dunduniya ta nutse, amma bakin takalmin da ƙyar ya taɓa laka, kamar babu yatsu a ciki. Can gefe ga shatin gindin jarka. Ya bi shi yana ƙirga: tsakanin rumfa da katafila, tafiyar da ba ta kai taku ɗari uku ba, sau huɗu aka ajiye jarkar aka huta. Ya san Baharu yana saɓa buhun shinkafa biyu daga gona har gida bai tsaya ba.

Duk da haka ya je ya same shi. Baharu yana zaune a kan matakalar gidansa, ƙafa ba takalmi, yana wasa adda.

"Daeng, ka zo kama ni ne ko ka zo yi min murna?"

Mattola ya tambaye shi inda ya kwana. Ya ce a bayan motar barkono ya kwana, sun tafi kasuwar gari tun dare bai raba ba, kuma mutum shida za su shaida, har da mai motar da ya zage shi a kan munshari. Takalmi kuwa a bakin rumfa yake barinsa kullum, a kife kan turke, don matarsa ta hana shi shiga gida da wari.

"Wallahi na so a ce ni ne," in ji Baharu. "Amma da ni ne, ba zan sa hoto in bar yarinyar mutane ta kwana a sel ba. Tsayawa zan yi a wurin da ashanata a hannu. Ka je ka tambayi karen kamfani."

Sakka yake nufi, ɗan ƙauyen da ke yi wa kamfanin gadi.

Tun daga nesa Mattola ya ga gidan Sakka a rufe ruf, kwanon rufin ya lotsa a wuri uku, duwatsu zube a tsakar gida. Tun safe wani daga birni ya rubuta cewa kamfanin ne ya ƙone motarsa da kansa don ya shafa wa masu zanga-zanga baƙin jini. Kafin azahar maganar ta zama gaskiya a bakin dubban mutanen da ba su taɓa ganin Salomatti ba. Wani ya samo hoton Sakka na ranar aurensa, ya zagaye fuskarsa da jan layi, ya rubuta sunan unguwarsu. Matasan da ke zama bakin gada, inda sabis ke ɗan leƙowa, suka karanta, suka kwaso duwatsu.

Sai da Mattola ya faɗi sunansa sau biyu aka buɗe. Matar Sakka tana lungu ta rungume 'ya'ya, ƙaramar tana da kumburi a goshi.

Sakka ya fara da rantsuwa cewa yana bakin aiki duk dare bai ga kowa ba. Mattola ya zuba masa ido har rantsuwar ta ƙare don kanta. Sannan Sakka ya sunkuyar da kai ya ce gaskiya ba ya wurin. Tun ranar da gaɓar ta rufta da Sudding bai ƙara kwana bakin kogin ba. Da zarar manyan kamfani sun tafi sai ya sulale gida, ya koma da sassafe.

"Ni na fara taɓa ƙafarsa a cikin yashi, Daeng. Kana wurin. In na zauna ni kaɗai sai in riƙa jin kamar ana tari a ƙarƙashin ƙasa. In na faɗi haka kamfani ya kore ni, in na yi shiru 'yan uwana su jefe ni."

Mattola ya dubi ƙafafun Sakka, faka-faka kamar faranti. Ko da man gyaɗa ba za su shiga takalmin Baharu ba.

A rumfa ya tarar da Pak Mursalim, malamin makarantar da ke shugabantar kwamitin zanga-zanga, mutane sun kewaye shi yana karanto musu saƙonni. Rosmini ta kawo wa Mattola kofi da soyayyar ayaba, ta ce tun safe bai sa komai a cikinsa ba, ta koma bakin murhu. Tun rasuwar Sudding ita ke aiko masa da abinci, shi kuma yake nome mata abin da ya rage na gonar.

Pak Mursalim ya ja shi gefe. Ya ce ya goge hoton wutar, amma an riga an kwafe. Ya ce a makon da Sudding ya rasu, mutum dubu tamanin suka kalli bidiyon jana'izarsa. Makon jiya kuwa, da gaɓa ta sake cin gona guda, ɗari uku suka kalla, rabinsu 'yan ƙauyen da ke ci-rani. Yau kafin azahar an wuce dubu ɗari biyu, lauyoyi biyu daga birni sun yi alkawarin tsaya wa Nurhaeda.

"Duniya ta yarda kamfani ne, Daeng. Ka bar ta a haka zuwa Alhamis."

Mattola ya tambaye shi Sakka fa.

"Sakka ya zaɓi inda zai ci abinci."

"'Yarsa mai shekara huɗu ita ma ta zaɓa?"

Malamin ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi ma ba daɗi yake ji ba, amma in ta tabbata ɗan rumfa ne ya sa wutar, wata ukun nan sun tafi a banza, kuma jinin Sudding ya bi ruwa. Mattola ya ajiye kofin bai shanye ba. Iska ta fara kaɗa ledar rumfar.

Ya koma bakin kogi da sauri ya ɗauki sawun dawowa. Mai takalmin bai nufi rumfa kai tsaye ba. Ya jefa jarkar a cikin ciyawa, ya bi kunyar gona, ya haura tudun maƙabarta ta baya.

Hanyar hawa tana zagaye ne ta gefen katanga, ita Nurhaeda take bi. Wannan kuwa yankewa ya yi ta tsakiya, yana sauri cikin duhu. Ya taka tsofaffin kaburbura shida da ciyawa ta rufe, har ya ture dutsen kan ɗaya. Mattola yana biye yana neman gafara ga mamatan. Sai ya ga sawun ya karkace haka kawai, ya yi baka, ya kewaye wani kabari, sannan ya koma kan layinsa zuwa gindin tsamiya, inda aka tsaya aka daɗe ana sauya ƙafa.

A dawowa, sawun ya sake zuwa wannan kabarin. Nan ga shatin gwiwoyi biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. An cire ciyawa 'yar kaɗan daga wajen kai, an ajiye a gefe, saiwarta ba ta gama bushewa ba. Ga tafin hannu guda, ƙarami, an dafa ƙasar da shi kamar yadda ake dafa kafaɗar mai barci.

Mattola bai buƙaci karanta sunan ba. Da hannunsa ya kafa dutsen ranar da aka binne Sudding.

Ya zauna a wurin. Abin da zai yi mai sauƙi ne: ya ci gaba da zama. Nan da sa'a guda ruwa zai sauko, ya je ya ce wa dagaci sawu ya ɓace. Ya tuna 'ya'yan Sudding biyu, ɗaya aji uku, ɗaya ba ta shiga makaranta ba. Ya tuna Nurhaeda, wadda ta kwana uku a kan uwarsa lokacin ciwon ajali. Ya tuna goshin 'yar Sakka. Ɗigon farko ya faɗo masa a bayan hannu.

Ya tashi ya saro ganyen ayaba, ya rufe sawun tun daga kaburburan shida har zuwa shatin hannun, ya danne da duwatsu.

Bayan la'asar dagaci ya tara su a tudun, ana yayyafi. Baharu ya zo, Pak Mursalim ya zo da wayar ƙungiya a aljihu, an rako Sakka tsakanin dattawa biyu. 'Yan rumfa suka biyo baya, har da mata masu girki. Rosmini ta tsaya can baya da lema.

Mattola ya ɗaga ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna musu cewa takalmin na Baharu ne amma ƙafar ba tasa ba ce, ta yi masa kaɗan. Ya ce ta Sakka kuwa ta yi yawa, don haka duk wanda ya jefi gidansa ya je ya nemi gafara tun yau. Ya faɗi yadda aka ajiye jarka sau huɗu. Ya bi da su ta gefen kaburburan da aka taka, har inda sawun ya karkace. Ganyen ƙarshe, wanda ke kan shatin hannun, bai ɗaga shi ba. Ya tsaya, ya taka gefensa da ƙafa.

"Mai sawun nan ya taka mutum shida bai sani ba," in ji shi. "Wannan ɗaya, ko a duhu ya san inda yake. Ya kewaye shi, ya dawo ya durƙusa masa."

Kowa ya dubi dutsen. Sannan a hankali idanu suka koma kan Mattola. Shi ma ɗan ƙaramin mutum ne, ƙafarsa ba ta kai ta Baharu ba, kuma shekaru sun ci ƙarfin hannunsa. Wani ya ce a baya, wa ya fi mai bin sawu sanin a sa takalmin wani? Dagaci ya tambaye shi ko yana da abin cewa. Mattola ya ci gaba da take gefen ganyen. Shi kansa bai san ko jira yake yi ba, ko kuwa ya riga ya yarda a tafi da shi.

Baharu ya matso ya cakumi wuyan rigarsa. "Kai da na ɗauka uba? Ka sa takalmina, ka zo har gida kana tambayata inda na kwana?"

"Sake shi, Baharu."

Rosmini ce. Ta rufe lemar, ta ratso mutane, ta sunkuya ta janye ganyen daga ƙarƙashin ƙafar Mattola, ta ɗora hannunta a kan shatin. Ya zauna daram.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce takalmin ta sa ne don laka, ba ta yi tunanin Baharu ba. Man kuwa na injin ban-ruwan Sudding ne da ya rage. Wata uku tana kallon yadda Nurhaeda ke danna wayar, kuma ta ga in aka yi wa wayar magana sai ta rubuta da kanta.

"Kullum da dare in na sa ta caji sai in duba lambar," ta ce. "Ranar da aka binne shi dubu tamanin. Ina gani tana raguwa, tana raguwa, kamar ana sake zuba masa ƙasa. Ranar Asabar na ji Pak Mursalim yana cewa in ba a samu abin da zai ja ido ba, majalisa za ta saurare mu minti goma ta sallame mu. Na ce to bari in ba su abin kallo." Ta juya ga Sakka. "Ban san za a taɓa gidanka ba. Da aka tafi da Nurhaeda na so in faɗa, sai na kalli yarana, bakina ya ƙi buɗuwa."

Pak Mursalim ya ce da ƙaramar murya maganar za ta iya tsayawa a tudun nan, lauyoyi za su fitar da Nurhaeda ko ba jima. Mutane da yawa suka sunkuyar da kai, alamar sun yarda. Rosmini ta miƙa masa hannu ta ce ya ba ta wayar, kuma ya kunna mata yadda ake magana kai tsaye. Ya dubi dagaci. Dagaci ya gyaɗa kai.

A gindin tsamiyar ta tsaya, ruwa na zuba mata a fuska. Ta faɗi sunanta da sunan mijinta. Ta ce ita ta sa wutar ita kaɗai, ba kamfani ba, ba kwamiti ba, ba mai gadi ba, kuma a cire hoton Sakka don yana da 'ya'ya. Ta juya wayar ta nuna kogin daga sama, inda ya faɗaɗa ya yi ja, ta ce wannan kuwa ba ita ta yi ba. Saƙonni suka riƙa gudu a kan gilashin, wasu na addu'a, wasu na zagi, wasu na cewa kamfani ya saye ta. Ba ta tambayi mutum nawa suka kalla ba. Ta miƙa wa malamin wayar.

Mattola ne ya kai ta ofishin 'yan sanda a babur ɗinsa, tafiyar kilomita tara cikin ruwa. A hanya ba ta yi maganar wuta ba. Ta gaya masa babban ba ya cin kifi sai an cire masa ƙaya, ƙaramar kuma tana firgita in aka kashe fitila. Ya ce ya ji. Da suka kusa, ya ce mata ta yafe masa.

"Da ka bar ruwa ya wanke, Daeng, da na ƙi jinin ganinka har in mutu, don zan san ka sani."

An daɗe ana rubuce-rubuce. Babban jami'in ya yi waya sau uku kafin ya yarda a saki Nurhaeda a hannun dagaci, wanda ya biyo bayansu, da sharaɗin ta dawo ranar Laraba. Ya kuma gaya wa Mattola, ba tare da an tambaye shi ba, cewa ya ji majalisa ta ɗage zaman Alhamis, ba a sa wata rana ba.

Ana kiran magariba aka fito da Nurhaeda, idanunta sun kumbura. An riga an gaya mata. A ƙofar sel suka haɗu, mai fita da mai shiga. Nurhaeda ta daɗe tana kallon Rosmini, kallon da Mattola, duk iya karatun ƙasarsa, ya kasa karantawa. Sannan ta cire rigar sanyin da ke jikinta ta ɗora wa Rosmini a kan jiƙaƙƙun kafaɗunta.

"Akwai sauro a ciki, Yaya Mini," ta ce. "Ki kwanta ta wajen bango, can ba ya yoyo."

Aka rufe ƙofar. Mattola ya fita ya share ruwan da ke kan sirdin babur da gefen hannunsa, ya tayar. Yara biyu suna jiransa a gida, ba wanda ya gaya musu komai tukuna.